Wane suna za mu raɗa wa "lichen" da Hausa?

Mai fassara: Salamu alaikum malamai. Ana neman kalmar Hausa ga "lichen", wato dabbare-dabbaren nan fari ko ruwan toka ko rawaya da ke manne wa dutse, irin wanda ke cin gumakan Moai kusan 900 na tsibirin Ista a ƙasar Chile. Shawarata "gansakukar dutse".

Malamar tsirrai: Wa alaikumus salam. Malam, gansakuka rabin abin ce kawai. Halittu biyu ne a haɗe, kamar yadda masanin tsirrai Simon Schwendener ya bayyana a 1867, suna zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka: dangin fumfuna ne ke gina jikin yana riƙe danshi, ƙwayoyin gansakuka kuma suna ciki suna haɗa abinci da hasken rana. Ɓarnar kuwa ta ɓangaren fumfunar ce. Zarenta kan kutsa milimita kaɗan tsakanin ƙwayoyin dutse, ya kumbura in an yi ruwa, ya tsuke in rana ta buɗe, a hankali har fuskar dutsen ta fara marmashewa. Yana kuma fitar da sinadarin okzalik mai zuƙe kalsiyam. Moai daga daskararriyar tokar aman wuta ta dutsen Rano Raraku na tsibirin aka sassaƙa yawancinsu, mai taushi da ƙofofi, shi ya sa abin ke cinsu sosai.

Mai fassara: To "fumfunar dutse" fa, Malama?

Malamar tsirrai: Mai karatu zai zaci ta burodi ce mai fitowa a kwana uku. Wannan, wani nau'insa ko milimita 1 ba ya ƙarawa a shekara.

Mai adana kayan tarihi: Ni "makeron dutse" na zaɓa. Ku duba shi da kyau: da'ira ne, bakinsa na faɗaɗa, tsakiyarsa na mutuwa tana ɓarewa, sak makero a kan yaro, wanda shi ma dangin fumfuna ke kawowa. Sunan kuma zai tuna wa ma'aikaci cewa ba a kankarewa. Burushin ƙarfe yana tahowa da fatar dutsen har da zanen da ke kanta, zaren kuma yana nan ciki, ya sake tohowa. Ana shafa maganin kashe ƙwayoyin cuta mai suna benzalkoniyam kashi 2 zuwa 3 cikin 100 a ruwa, a gwada a lungu tukuna, a jira makonni makeron ya bushe, sannan a share da burushi mai laushi. Wani lokacin ma barinsa ya fi, domin ɓawonsa na kare dutsen daga dukan ruwa da iska.

Malamar tsirrai: Na yarda, Yallaɓai, sai dai yana fitowa a jikin bishiya ma, kuma akwai mai ganye-ganye da mai rassa. A ce "makeron dutse" da "makeron itace", a littafin kimiyya a haɗa su da "laikin", wato "lichen" ɗin a rubutun Hausa.

Mai fassara: Madalla, haka zan rubuta. Na gode malamai.