Ƙunar Wuta a Jikin Dabba: Shawarwarin Masu Kiwo a Zangon Kumasi

Ga abin da aka tattauna kan rago ko akuyar da ta ƙone:

1. Baki ya zo ɗaya: a kwarara ruwan sanyi na minti 20, ban da ƙanƙara.
2. Baƙin mai da toka, kul!
3. Zuma tsantsa na hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa, amma a ɗaure da bandeji saboda ƙuda da tururuwa.
4. An rabu kan man kaɗanya. Wasu sun ce a shafa nan take, wasu sun ce sai miki ya fara kamewa, don maiƙo na riƙe zafi. Ni dai ina bayan na biyun.
5. Bandeji mai ƙananan ɓurɓushin azurfa na kashe ƙwayoyin cuta, sai dai tsada.
6. Ƙuna mai zurfi, sai likitan dabbobi. 'Yan unguwar Aboabo sun ambaci na KNUST, wato Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah da ke Kumasi.