Ƙugi da ziza suna shiga sautin piyanona idan ina ɗauka a kwamfuta

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawararku a kan wata matsala da ta hana ni sakat kusan mako uku. Ina da piyano na lantarki wanda nake ɗaukar kiɗansa a gida. Kebul biyu ne suke kai sautinsa zuwa na'urar shigar da sauti, ita kuma tana haɗe da laftof ta USB, sannan akwai wani kebul na USB daga piyanon kai tsaye zuwa laftof ɗin saboda MIDI, wato saƙon da yake sanar da kwamfuta maɓallan piyanon da aka danna. Idan na sa hedifon a jikin piyanon, sautin tas yake fita. Amma a abin da na ɗauka akwai ƙugi mai kauri, da wata siririyar ziza wadda take sauya murya duk lokacin da na motsa linzamin kwamfuta. Abin ya fi ci mini rai a ƙarshen kiɗa, lokacin da na taka feda ina jiran amon ƙarshe ya ɓace a hankali, sai zizar ta fito fili ta ɓata shirun. Na sayi sababbin kebul, amma babu abin da ya canza.

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam Malam. Tun da hedifon yana ba ka sauti mai tsabta, piyanonka lafiyarsa lau. A bayaninka na lura cewa hanya biyu ce ta haɗa shi da laftof, ta kebul ɗin sauti da ta USB, kuma kowace tana ɗauke da wayar ƙasa, wato wayar at (ground). Idan aka samu haka, wayoyin sun zama zobe, sai 'yar wuta ta riƙa zagayawa a cikinsa tana shiga sauti. Ƙugin na wutar gida ne, wadda take kaɗawa sau 50 a daƙiƙa a Afirka da Turai, sau 60 a Amurka, ita kuwa zizar da ke bin linzami daga cikin kwamfutar take fitowa. Kada ka ƙara sayen komai tukuna. Ka fara ɗauka ba tare da ka taɓa piyanon ba, ka ƙara murya, sannan ka zare USB ɗin piyanon ka saurara. Ka mayar da shi, ka zare cajar laftof ya koma kan batir, ka sake saurarawa. Abu ɗaya za ka riƙa cirewa a lokaci guda, in ba haka ba ba za ka gane mai laifin ba.

Amsa ta biyu:
Ina goyon bayan abin da ɗan'uwa ya faɗa. Idan ta tabbata USB ne, mafita mafi sauƙi ita ce tsohon kebul na MIDI mai tsinke 5, muddin piyanon da na'urarka suna da raminsa, domin an tsara shi ne yadda saƙo zai tsallaka ta hanyar haske a bakin shigarsa, don haka zoben ya yanke. Idan babu ramin, akwai ƙaramar na'ura mai raba wutar USB, wadda ake sawa tsakanin piyano da kwamfuta. Ta ɓangaren sauti kuwa, akwatin DI, wato ƙaramin akwati da ake sawa tsakanin piyano da na'urar shigar da sauti, mai taransfoma a ciki da maɓallin yanke wayar ƙasa ta kebul ɗin sauti, yana maganin ƙugi sosai. Ka kuma haɗa piyanon da laftof a soket ɗaya, ka rage tsawon kebul, ka nisanta su daga wayoyin wuta da caja. Muryar piyanon ta kasance sama, ta na'urar kuma ƙasa, saboda idan ka yi akasin haka hayaniyar kake ƙara wa ƙarfi.

Amsa ta uku:
Jan kunne biyu nake da su. Za ka ji wasu suna cewa a karya ƙafar ƙasa ta filogi. Don Allah kada ka yi, domin ita ce take kare ka idan wuta ta zubo jikin na'ura, kuma rai ya fi kowane kiɗa. Na biyu, kada ka dogara da manhaja wajen goge ƙugin bayan ɗauka. Amon G na can ƙasan piyano yana kan 49 ne a ma'aunin kaɗawa, dab da 50 ɗin wutar gida, saboda haka duk matatar da ta yanke ƙugin za ta rage nauyin amo masu kauri da hannunka na hagu yake kaɗawa.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na yi gwajin a daren jiya. Ina zare USB ɗin piyanon zizar ta ɗauke ɗif, ƙugin kuma ya ragu sosai, sauran ya tafi bayan na haɗa komai a soket ɗaya. Na duba bayan piyanon na ga ramin MIDI mai tsinke 5, na'urata ma tana da shi, don haka shi zan koma amfani da shi.