Wai don mi ake haɗa lazer da elektron masu gudu?

Sani_Tibiri: Salamu alaikum. Don Allah masu fizik ku taimaka, mushe namu ya taɓo zancen harba lazer kan elektron masu gudu, wai har haske kan haifi ƙwayoyi masu nauyi. To mi ya sa dole sai da elektron? A ƙara ma lazer ƙarfi mana a huta.

Malam_Fizik: Wa alaikumus salam ƙanena, ai ƙarfin ne ba ya kai. Akwai iyakar Schwinger, sama da volt 10^18 a mita guda, daga nan ne sararin da ba komi cikinshi ke fara fidda elektron da positron (kishiyar elektron, nauyinsu ɗaya amma cajinshi akasin na elektron ne), kuma ba lazer ɗin da ya kai can, ko na Rumaniya mai petawat 10 (petawat ɗaya wat 10^15 ne). Shi ya sa ake karo gaba da gaba, don shi elektron in gudunshi ya kusa na haske, ƙarfin da yake ji ya ninka wanda ke cikin labo nesa ba kusa ba, ga elektron mai GeV 46.6 (ma'aunin makamashinshi ke nan) ninkin ya wuce dubu 90. Haka aka yi a cibiyar bincike ta SLAC a Kaliforniya, gwajin E-144, sakamako ya fito 1997. Elektron ya bugi koren hasken lazer ya maida shi gamma, wato haske mai makamashi sosai, gammar ta sake cin karo da ƙwayoyin haske da yawa lokaci guda, sai ga positron, wajen 100 suka ƙirga. Breit da Wheeler tun 1934 suka yi lissafin.

Hadiza227: Petawat 10?? Malam wane kuran ke ɗaukar wannan, mu da zafin Afrilu firigo ma da ƙyar 😂

Malam_Fizik: Hhh Hadiza, ba yawan wuta ba ne, gajartar lokaci ce. Jul ɗari biyu da ɗoriya ne, ko kofin shayi ba ya tafasawa, amma an matse shi cikin femtosakan ashirin da wani abu (femtosakan ɗaya kashi ɗaya ne cikin 10^15 na sakan). Dabarar Strickland da Mourou ce ta 1985, a ja hasken ya yi tsawo, a ƙara mishi ƙarfi, a sake matse shi. Ita ta ba su Nobel a 2018.

Sani_Tibiri: Na gode Malam. To tunda an gani tun 1997, mi kuma ake nema?

Malam_Fizik: Lazer na lokacin bai da ƙarfi sosai, bakin ƙofa suka tsaya. Yanzu so ake a shiga inda lissafin da aka saba ke daina aiki, nemi gwajin LUXE na cibiyar DESY a Jamus da gwajin E-320 na SLAC ka karanta.