Jinin bogi da kwalliyar gawa: yaya ake yi in jari kaɗan ne?

Ɗan Gangare:
Salamu alaikum ƴan'uwa. Gajeren fim ɗin zombi, wato gawarwakin da ke tashi suna yawo, za mu ɗauka a nan Jos, jarin kuma bai taka kara ya karya ba. Mun gwada zoɓo a matsayin jini, sai ya fito tsararo, launin ma bai yi ba. Da me ake haɗawa? Fuska kuma yaya ake yi ta koma kamar ruɓaɓɓiyar gawa?

Anti Mai Kwalliya:
Wa alaikumus salam ƙanena. Zoɓo ba shi da kauri, kuma a kyamara shunayya yake komawa. Ka dafa sukari kofi 2 a ruwa kofi 1 har ya yi danƙo, ka matsa lemon tsami ƙaramin cokali 1 a ciki, in ba haka ba sanyin Jos zai sa sukarin ya daskare ya yi tsaki-tsaki. In ya huce, sai jar kalar abinci babban cokali 1, garin cakulan cokali 1, shuɗiyar kala ɗigo 1 ko 2 kacal. Cakulan ɗin shi ke kashe hasken jan, shuɗin kuwa in ya zarce ka koma gidan jiya. Ƙuda da tururuwa za su yi muku caa, kuma riga in ta sha shi ƙandarewa take yi, don haka ku sayi gwanjo bibbiyu iri ɗaya saboda maimaita ɗauka.

Rauni kuma: jelatin (garin da in an narkar da shi ya huce yake kamawa kamar roba), gilisarin (ruwan nan mai yauƙi da ake sawa a man shafawa) da ruwan zafi daidai wa daida. Ka gwada ɗuminsa a bayan hannunka kafin ya taɓa fuskar kowa, ka shafa, ka yage tsakiya da tsinken sakace. Zafin fitila da gumi na narkar da shi, kada a sa sai dab da ɗauka.

Malam Na Bukuru:
Ɗan'uwa, kada ƙarancin kuɗi ya karya maka gwiwa. Darakta George Romero ya ɗauki fim ɗin zombi Night of the Living Dead, wanda ya fito a 1968, kusa da Pittsburgh a Amurka da kimanin dala 114,000, kuma ruwan cakulan ne jininsa, tunda fim ɗin baƙi da fari ne. Da ya koma mai kala a Dawn of the Dead a 1978, fentin toka-tokan da mai kwalliyar fim ɗin, Tom Savini, ya shafa wa mutane shuɗi ya riƙa fitowa. A baƙar fata abin ya fi muni, sai ka ga mutum kamar ya yi birgima a murhu. Ku ɗan dusashe launin fatarsa ta asali, ku zurfafa ramin ido da ƙasan kunci da baƙi, leɓe ya yi furu-furu. Ku ɗauki gwaji a hasken da za ku yi aiki da shi, madubi ba ya faɗin gaskiya. Ku nemi fim ɗin zombi Ojuju na darakta C.J. Obasi, 2014, ku ga abin da aka yi a lungunan Legas.

Baba Kyamara:
Hazon hunturu da asuba ya wadatar da ku, ba sai kun yi hayar injin hayaƙi ba. Janareta ku kai shi bayan dutse da doguwar waya, don ƙararsa ba ta gogewa a wajen tacewa. Amma don Allah kada kowa ya shiga kududdufan kuza, suna da zurfi, bakinsu kuma na zaftarewa. Ku sanar da mai unguwa da ƴan sanda kafin a ga mutum goma jina-jina suna tangaɗi a kan hanya da duku-duku.