Me za mu kira primer da Hausa?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Ana shirya wa yaran da ke koyon fenti takarda da Hausa, sai kalmar primer, abin da ake fara shafawa kafin fenti, ta tsaya mana. A wurin aiki firaima ake cewa, wasu kuma su ce hannun farko. Wanne za a ɗauka?

Mai fenti, Kano: Wa alaikumus salam. Malam, a cire hannun farko daga lissafi. In an ce a yi wa ɗaki hannu biyu, fenti ɗaya za a shafa sau biyu. Firaima kuwa bokitinta daban. Ita ke toshe ƙananan ƙofofin filasta don kada bango ya shanye fenti, ta kuma ba shi abin kamawa. Siminti yana da kaifi irin na kanwa, shi ya sa ake barin sabuwar filasta ta yi kamar kwana 28. In aka ɗora fentin mai a kan ɗanyen siminti, kaifin ya ci man, fentin ya yi danƙo, ya kumbura, ya riƙa ɓarewa. Ranar da aka haɗa sunayen nan biyu, maigida zai biya kuɗin firaima a shafa masa tsinkakken fenti.

Mai shagon fenti: To a ce fentin ƙasa mana, tunda shi ne a ƙarƙashi.

Mai fenti, Kano: Alhaji, ka aiki yaro da wannan sunan ka gani. Ko ya dawo da na daɓe, ko da farar ƙasa.

Malamar Hausa: Ni dai na fi son fentin shimfiɗa. Shimfiɗa ita ce ake fara yi kafin a ɗora abin da aka zo dominsa, kuma in an gama ba ita ake kallo ba. Shafin farko ma ya zo mini, amma ya yi kusa da shafe, aikin magina.

Mai walda: Malama ta kawo ta. Ga shi tana karɓar rabe-rabe: shimfiɗar siminti, shimfiɗar katako, shimfiɗar ƙarfe. Ta ƙarfe ita ce jan fentin nan da ake yi wa get da tagogi. A kankare tsatsa da buroshin waya, a bi da samfefa, a goge maiƙo da tina, ruwan tsinka fenti, sannan a shafa siriri a bar shi ya kwana. In ya yi kauri, sama ta bushe ciki ɗanye, sai ya yamutse. Wanda ya shafa a kan tsatsa kuwa, tana nan tana ci a ƙarƙashi.

Mai shagon fenti: Na sallama. A ƙara musu lissafi: lita 1 tana cin kamar murabba'in mita 10 a bango mai santsi. Ɗaki mai ƙafa 12 da 12, galan ɗaya mai lita 4 kan isa shimfiɗa, sai dai in filastar tana da kaushi, ta fi sha.

Mai tambaya: Na gode. Za a rubuta fentin shimfiɗa, a bar hannu ga coat, wato kowane zagaye na shafa fenti. Saura undercoat, wanda ke shiga tsakanin shimfiɗa da fentin mai.

Mai fenti, Kano: Wannan hannun tsakiya ne, malam. Shi ma a bar shi ya kwana, a bi shi da samfefa mai laushi kafin hannun ƙarshe.