Neman Shawara: Boris Ɗin Kwanrod Na Tsohuwar Honda CG125 Yana Ta Lalacewa

Assalamu alaikum, masana injin babur. Ina da tsohuwar Honda CG125, samfurin da aka fara ƙerawa a 1975, kuma boris ɗin ƙasan kwanrod (sandar da take saukowa daga fistin), inda yake haɗuwa da karanshaf (ƙarfen da yake juyawa a ƙasan inji), ya sake ci ba da jimawa ba bayan an sa sabo. Alamar ita ce ƙwanƙwasa mai nauyi daga ƙasan inji, wadda take ƙaruwa idan ya yi zafi, kuma da aka buɗe an tarar ƙarfen ya yi shuɗi, abin da yake nuna mai bai isa wurin ba.

Mun wanke rariyar mai da ke bayan murfin da ake zubar da baƙin mai, mun kuma kwance matatar da take juyawa a kan karanshaf ta gefen kuloci, muka kankare daskararren datti. Mai yana hawa saman inji yadda ya kamata, shi ya sa nake shakkar ɗora wa famfon mai laifi.

Zargina ya fi karkata ga hanyar da mai yake bi ta cikin murfin kuloci zuwa karanshaf. Shin fakin murfin (abin da ake sawa tsakanin murfi da inji don hana mai yoyo) da ba na asali ba, ko gam ɗin da aka shafa masa, zai iya toshe wannan rami? Kuma idan ramin fin ɗin kwanrod (ƙarfen da boris ɗin yake juyawa a kansa) bai daidaita da na karanshaf ba lokacin da ake matse fin ɗin a cikin karanshaf, ta yaya zan tabbatar kafin a rufe inji? Don Allah a taimaka mini.