Me ya sa finafinan masu zane suka fi karkata ga wahalarsu?

Mai Tambaya:
Assalamu alaikum. Na lura cewa yawancin finafinan da ake yi kan rayuwar masu zane sun fi mayar da hankali kan talauci da rashin lafiya fiye da aikin da ya sa aka san su. Shin wahalar ce ke sayar da fim, ko kuwa aikin zanen ne ke da wuyar nunawa?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam, Malam. Duka biyun ne. Mai zane yakan shafe makonni yana gauraya fenti, yana gogewa yana sakewa, kuma babu mai kallon da zai jure wannan. Shi ya sa ake ta maimaita labarin Vincent van Gogh, mai zane ɗan ƙasar Holland, wanda ƙanensa Theo ya ɗauki nauyinsa har Vincent ɗin ya rasu a 1890 yana da shekara 37, kuma abin takaici, batun yanke kunnensa ya fi zanensa yawo a bakin mutane.

Amsa ta biyu:
Ɗan'uwa, ban yarda da kai gaba ɗaya ba. Frida Kahlo ta Meziko ta duƙufa ga zane ne tana jinya bayan hatsarin bas na 1925, aka kafa mata madubi a saman gado tana zana fuskarta. Fim ɗin Frida na 2002 ba zai iya raba ciwonta da aikinta ba.

Amsa ta uku:
Malam, nemi fim ɗin Loving Vincent na 2017 kan rayuwar van Gogh, wanda masu zane sama da 100 suka zana hotunansa kusan 65,000 da fentin mai, ɗaya bayan ɗaya.